Yajin Yaya Ilu

Da la'asar sakaliya, fadar su Ilu can bayan Kasuwar Dole, an baje tabarma gawayi ya kama. Mushe ya zaro wani littafi daga jaka sai ƙyalli yake.

Ilu: Mayar da shi.

Mushe: Haba Yaya Ilu, ko bangonsa ba ka gani ba.

Ilu: Na ji warinsa. Dungeons & Dragons ne na 2024, sabon littafin ƙa'idojin wasan nan namu na tatsuniya da jefa ɗan ludo. Ni da kamfanin Wizards of the Coast mai buga shi an raba gari, na yi rantsuwa ko dalata ɗaya ba za su ƙara ci ba.

(ƙara ci wai. Duk fadar nan an san littafin Yaya Ilu fotokopi ne na fotokopi, wanda wani ɗan jami'a ya bar masa, dodon da ke shafin farko ma ya koma kamar tabon miya.)

Mai shayi: Wai nawa ne littafin da ake ta wannan kumfar baki?

Mushe: Dala hamsin.

Mai shayi: Dala hamsin? to ai ko sukarin yau bai saya ba, ku kawo in saya muku biyu a huta.

Mushe: Dalar Amurka, Sani. Wajen jaka talatin kenan, ban da kuɗin kawowa.

Mai shayi ya ajiye buta a hankali.

Mai shayi: Jaka talatin don a zauna a yi tatsuniya? Kakata ta yi mana ga ta nan ga ta nanku shekara da shekaru, ba ta taɓa fitar da sabon bugu ba.

Ilu: Yawwa! faɗa musu. Mutanen nan ba su da amana. Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙago wasan ana zaune lafiya...

Mushe: Ba a haife ka ba fa.

Ilu: Ana zaune lafiya na ce. Wizards suka saye TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, a 1997, su ma Hasbro mai kayan wasan yara ta haɗiye su a 1999, daga nan kuma sai ciniki. Bugu na 3 a 2000, shekara uku kacal suka ce ga 3.5 a sake saye. 2008 suka kawo na 4, na yi yaji na koma Pathfinder, wasan wani kamfanin daban.

Mushe: Ka dawo a 2014.

Ilu: Bikona aka yi.

Mushe: Wa ya yi bikon?

Ilu: Bugu na 5 ne ya nuna nadama, ni kuma ba ni da riƙo.

Ɗan Auta, wanda jiya-jiya ya fara wasan kuma har yanzu ɗan ludo mai fuska ashirin yake lasa ya ji ko alewa ce, ya ɗaga hannu kamar a lakwal.

Ɗan Auta: Yaya to me sabon ya yi maka?

Ilu: Me ya yi mini? Barde Gagarau, jarumina, ruwa biyu ne, uwa mutum uba dodon orc, shekara goma sha ina tafe da shi. Na duba sabon littafi daga farko har ƙarshe babu ruwa biyu. Sun kore shi daga gidan ubansa ba sammaci!

Mushe: Ka duba daga farko har ƙarshe? Ba kai ka ce warinsa kawai ka ji ba?

Ilu: Sanin makamar abokin gaba wajibi ne.

Mai shayi ya miƙa na farko, mai ɗaci, Ilu ya kurɓa ya ci gaba don ba a tare shi in ya hau.

Ilu: Kun manta Janairun 2023? da suka so murɗe lasisin nan da tun 2000 ya ba ƙananan kamfanoni damar aiki da ƙa'idojin wasan, duniya ta yi musu caa, kafin wata ya ƙare suka janye. Mu muka durƙusar da su.

Mushe: Ku su wa?

Ilu: Na yi saƙon murya na minti goma sha ɗaya a WhatsApp.

Mushe: A gurup ɗinmu. Mu shida ne, biyu ba su da kiredi.

Ilu: Magana zarar bunu ce Mushe, ka san inda ta kai?

(Mutumin da famfon unguwarsu ya kwana tara bai ɗiga ba, ƙarfe uku na dare yana gadin jarka, bai taɓa yi wa kowa saƙon murya a kai ba. Amma ofishin Wizards a jihar Washington ta Amurka ya ji jiki.)

Aka dai fara wasa, da sharaɗin tsohon littafi, Ilu ya sa Mushe ya zauna a kan sabon don kada ya leƙo. Ba a jima ba dodo ya rutsa Barde Gagarau a kogo, saura masa ran ƙuda.

Ilu: Zan sha maganin warkewa in kai masa sara.

Mushe: Ɗaya za ka zaɓa. A na 2014 in ka sha magani juyinka ya wuce. A sabon ne ake sha kuma a yi sara lokaci guda.

Shiru. Har tafasar na biyu ana ji.

Ilu: Ɗan ɗaga.

Mushe: In ɗaga me?

Ilu: Ɗaga ka ciro shi mana, shafi ɗaya za mu ara. Aro ba saye ba ne, rantsuwata tana nan.

Mushe: Ai babu ruwa biyu a ciki, Barde bai da gado a nan.

Ilu: Maganin ne zai sha, ba ƙasa zai nema ba!

Mushe ya fara laluben shafi yana lasar yatsa.

Ilu: Ba nan ba, can wajen kayan tafiya, ƙara gaba. Kai kawo nan, sai ka ce ba naka ba.

Ya buɗe tashi ɗaya. Ya jefa ɗan ludo ya gangara ƙarƙashin murhu, Ɗan Auta ya leƙa.

Ɗan Auta: Ɗaya ne Yaya.

Ilu: Kun gani ko? Kun ga aikin kamfanin nan? Mushe ba ni shi in kwana da shi, gobe in Allah ya kai mu zan biya wajen mai fotokopi, saboda hujja.