Me ya sa manhajar zane take kai aikinmu foldar da ba tasa ba?

Masu zane a kwamfuta, ko na gini kuke yi, ko na sassan inji, ko tambari da fosta, akwai wata magana da ta daɗe tana cin raina, kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Maganar wannan ƙaramar tagar ce da ke buɗewa idan ka tashi shigo da fayil cikin aikinka, ko ka tashi fitar da abin da ka gama. A wace folda take sauka? Wa ya zaɓa mata? Kamfanoni suna ta tallar sababbin abubuwa kowace shekara, amma wannan tagar da muke dannawa fiye da kusan kowane maɓalli, an bar ta tana sauka inda ta ga dama.

Abin da yawancin manhajoji ke yi shi ne su riƙe wuri guda tak: foldar da ka shiga a ƙarshe. Da jin haka sai ka ce ai sun kyauta. To bari mu bi aiki yadda yake tafiya. Ka shigo da hoton tambarin kwastoma daga foldar da kwamfuta ke zuba abin da ka sauke daga intanet. Ka yi aikinka, ka gama, ka ce a fitar maka da PDF. Taga ta buɗe a foldar sauke-sauke, tunda can ta gan ka a ƙarshe. Hankalinka na kan sunan fayil, ka danna, ka wuce. Sai an nemi aikin ka buɗe foldarsa ka ga wayam, ko kuma, abin da ya fi muni, ka tarar da PDF ɗin jiya yana zaune, ka ɗauka shi ne sabon, ka tura.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mai zafin shi ne idan kana riƙe da ayyukan mutum biyu. Da safe ka fitar da zanen wancan, da yamma ka buɗe na wannan, ka yi gyara, ka fitar. Taga tana nan a foldar mutumin safe. Mu kuwa masu zane sunayen fayilolinmu kusan iri ɗaya ne a kowane aiki: gaba, baya, bene na farko, na ƙarshe, na ƙarshen ƙarshe. Sai kwamfuta ta tambaye ka ko a maye gurbin tsohon, kai kuma da ma gyara ka yi, kana jiran wannan tambayar, sai ka amsa da e. Shi ke nan, ka danne aikin wani da na wani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Da manhajar ba ta tuna komai, da dole ka duba kowane lokaci. Amma tana tunawa daidai sau da yawa har ka saki jiki, sannan ta yi kuskure a ranar da ba ka duba ba.

Asalin matsalar ba wani abin mamaki ba ne. A Windows, idan mai rubuta manhaja bai faɗa wa tagar inda za ta buɗe ba, tsarin ne da kansa yake tuna foldar ƙarshe, kuma yana ajiye ta ne da sunan manhajar. Ke nan buɗewa, shigowa, adanawa da fitarwa duk suna rabon ƙwaƙwalwa ɗaya. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar haka ya fi dacewa da mai zane. Abin da aka samu a ƙasa ne aka bari. Kuma uzuri ya ƙare tuntuni: tun Windows Vista da ta fito a 2007 aka ba masu rubuta manhaja damar ba kowace taga shaidarta ta daban ta hanyar wani umarni da ake kira SetClientGuid, yadda tagar shigowa za ta tuna nata wurin, ta fitarwa ta tuna nata. Hatta manhajojin da ke aiki a cikin Chrome suna da irin wannan damar, su sanya wa kowace taga alama, a riƙa tuna mata foldarta. Aikin layuka kaɗan ne na rubutun manhaja.

Sai dai ni raba ƙwaƙwalwar gida biyu bai ishe ni ba, kuma nan ne ainihin maganata. Shigowa da fitarwa ba abu ɗaya ne aka juya ba. Abin da nake shigowa da shi, yawanci daga ma'ajiyata yake zuwa: hotunan da na tara, sassan da na saba amfani da su, launuka, tsarin rubutu. Wannan ma'ajiyar tawa ce, tana bi na daga aiki zuwa aiki, don haka daidai ne manhaja ta tuna ta a saitunana, kuma ta tuna ta bisa nau'in fayil. Inda nake ɗauko hotuna daban yake da inda nake ɗauko fayilolin zanen injiniya irin su STEP ko DXF. Idan na ce zan shigo da hoto, a kai ni wurin hotuna, ko da minti biyar da suka wuce wani abu na ɗauko a wani wurin.

Fitarwa kuwa ba tawa ba ce, ta aikin ce. PDF ɗin zanen wane yana da gida ɗaya, kuma gidan nan bai canja ba don na yi sati ina aikin wani. Saboda haka wurin fitarwa ya kamata a rubuta shi a cikin fayil ɗin aikin kansa. Na buɗe shi yau, na buɗe shi bayan shekara, na danna fitarwa, ya nufi inda ya saba. Idan kuma aikin bai taɓa fitar da komai ba, a fara da foldar da shi kansa yake zaune. Wannan ne wurin da ya fi kusa da daidai ga kusan kowa, kuma ko an yi kuskure, fayil bai ɓata nesa ba.

Kada wani ya ce mafarki nake, don akwai masu yin haka. KiCad, da ake zana allon lantarki da ita, tana ajiye foldar fitar da fayilolin Gerber, waɗanda ake tura wa masana'antar da za ta ƙera allon, a cikin fayil ɗin allon. A Blender, manhajar zanen 3D, idan adireshin folda ya fara da // yana nufin daga inda fayil ɗin aikin yake, kuma kowane aiki yana riƙe da nasa wurin fitar da hotuna, duk da cewa wurin da ake farawa da shi, wato /tmp, folda ce ta wucin gadi da wasu kwamfutoci ke sharewa, abin da har yau ban gane hikimarsa ba. Photoshop tana da zaɓi a saitunan fitarwa na gaggawa wanda ke zuba fayiloli a wata folda kusa da aikin. GIMP ma, manhajar gyaran hoto, tun da ta raba adanawa da fitarwa a sigar 2.8 a 2012, an yi ta surutu a kan rabuwar, amma ta kawo abu mai amfani: bayan ka fitar sau ɗaya, Ctrl+E yana sake fitarwa zuwa wurin nan ba tare da wata tambaya ba.

Akwai sharaɗi guda da ba zan sassauta a kai ba. Adireshin da za a rubuta a cikin fayil ya zama daga foldar aikin ake lissafa shi, kada a rubuta cikakken adireshi tun daga tushen faifai. Dalili na farko, aiki yana yawo. Ka kwafe shi zuwa filashi, ka tura wa abokin aiki, ka canja kwamfuta, cikakken adireshi ya mutu nan take. Dalili na biyu ya fi nauyi. Cikakken adireshi yakan ɗauki sunan mai kwamfuta, wani lokacin har da sunan kwastoma idan da shi aka sa wa folda suna. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin fayilolin zane na SVG da aka yi da manhajar Inkscape ya karanta abin da ke ciki ya san abin da nake nufi: sau da yawa za ka ga adireshin inda mai zanen ya fitar da hotonsa, da sunansa a ciki, yana yawo a intanet bai sani ba.

Na san abin da wasu za su ce. Mai injin buga abubuwa na 3D, ko mai injin yanka, zai ce shi duk fayil ɗin STL ko DXF da ya fitar, daga kowane aiki, folda ɗaya yake so su tafi, wadda injin ke dubawa. Gaskiyarsa. A ba shi damar kafe folda ga wannan nau'in fayil ɗin, kuma a sa damar a jikin tagar kanta, inda zai gan ta lokacin da yake buƙata. Manhajar AutoCAD tana da wani saiti mai suna REMEMBERFOLDERS, idan ka sa shi a 1 kowace taga ta tuna wurinta na ƙarshe, idan ka sa 0 ta koma foldar farawa. Yana da amfani, amma mutum nawa ne suka san da shi cikin masu zane da ita kullum? Saitin da sai ka haddace sunansa kafin ka same shi, ƙwararru kaɗai yake yi wa aiki. Masu cewa ai sai mutum ya riƙa duba inda yake ajiyewa kuma, ba su taɓa fitar da zane iri ɗaya sau talatin a rana ba, ana gyara ana sakewa, kwastoma na jira a waya.

Saura ƙananan abubuwa da ke nuna ko wanda ya rubuta manhajar yana amfani da ita. Idan foldar da aka tuna ta ɓace, an cire filashi ko an canja suna, kada a jefa ni can tushen kwamfuta. A haura mataki ɗaya, a duba ko uwar foldar tana nan, in ba ta nan a koma kusa da aikin, kuma a faɗa mini an canja. Idan foldar a kan wata kwamfuta take ta hanyar sadarwa kuma ba a same ta ba, kada manhaja ta daskare tana jira. Idan kuma na buɗe taga, na leƙa wata folda don duba wani abu, na fasa, to kada a rubuta wannan a matsayin zaɓina. Ban ajiye komai a can ba, leƙawa kawai na yi.