Batirin da Ya Yi Tumbi

Ni a sanina, in kana ƙaunar abu sai ka ƙosar da shi. Da wannan aƙida na ajiye baturan jirgina mara matuƙi lokacin da aiki ya sha kaina. Guda uku ne, irin na LiPo, wato batirin lithium da ake yi wa caji, kowanne da ƙwayoyi huɗu masu riƙe wuta a cikinsa. Na farko na cika shi maƙil, don duk ranar da sha'awa ta motsa in tarar da shi a shirye. Na biyu da shi na yi tashin ƙarshe, har jirgin ya fara kukan neman sauka, na jefa shi akwati a haka. Na uku kuwa ina cikin yi masa caji aka kira ni a waya, na zare shi a rabi, ban sake bi ta kansa ba. Akwatin ya hau saman kabad, daidai inda rana ke leƙowa ta taga, watanni suka yi ta wucewa.

Ranar da na sauko da shi, batirin farko ya ƙi shiga gurbinsa. Na juya shi, na sake turawa, ya ƙi. Ashe tumbi ya yi. Ya kumbura kamar matashin kai, in ka danna da yatsa ya lotsa, ka ɗaga ya dawo. Na ce lallai hutu ya karɓi wannan. Na danne shi da manyan littattafai, ko gezau. Sai dabara ta zo mini: tunda iska ce a ciki, ai sai a sace ta. Na ɗauko allura.

Ƙanena ya shigo ya gan ni na saita tsinin, ya daka tsawa: "Yaya! Don Allah ajiye allurar nan!"

Yaron da ni na koya masa ɗaure igiyar takalmi, yau shi ke tsaye a kaina yana karatu. Wai kowace ƙwaya in ta cika tana kan bolt 4.2, kuma ba a barinta a nan ta daɗe. Ruwan sinadarin da ke ciki sai ya fara lalacewa yana fitar da gas, zafi kuma ya ƙara masa gudu. Ciki kuwa siraran falle-falle ne a jere, in allura ta ratsa su ta haɗa waɗanda bai kamata su taɓa juna ba, wuta ce za ta tashi mai ciyar da kanta. Na ce to ni alheri na yi masa. Ya ce, "Alherin ne ya kashe shi, Yaya."

Muka koma kan na biyu. Ina jona shi caja ta hau tsuwa, ta ƙi karɓarsa. Ya sa ɗan ma'auni, ƙwayoyin duk sun faɗo ƙasa da bolt 3, ɗaya ma ta kusa taɓa 1. Na ce na taɓa ganin masu yi wa caja ƙarya, su ce mata wani irin batir ne dabam, wai shi NiMH, har ya farfaɗo. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mutumin da bai daddara ba. Wai in ƙwaya ta zube haka, tagullar da ke ciki narkewa take, in ka tura wuta da ƙarfi sai ta sake taruwa ta yi ƙayoyi, wata rana su huda tsakani. Wata ranar kuma ba ta sallama, tana iya zama jirgin yana sama, tana iya zama kana barci.

Na uku fa, wanda na wulaƙanta, na zare masa wuta saboda hirar waya? Ƙwayoyi huɗu, kowacce tana kusa da bolt 3.8, lafiya sumul. Nan ne wai ainihin inda ake ajiye su, wajen rabin caji, a wuri mai sanyi, a riƙa leƙa su bayan kamar wata uku. Har cajar tawa ma tana da tsarin ajiya da ke kai su can da kanta. Na daɗe ina ganin rubutun a fuskarta, na ɗauka ado ne.

Na so in buga masa wuta mai ƙarfin amfiya 5 mu fita da wuri. Ƙanena ya nuna mini 1500mAh a jikinsa, wato yawan wutar da yake ɗauka, ya ce daidai da shi amfiya 1.5, da ƙaramar wayar daidaita ƙwayoyi a jone, a kan siminti, kuma ba inda zan je sai ya gama. Kusan awa guda na zauna a ƙasa ina gadin batir. Uwargida ta wuce, ta dawo, ta ce, "Maigida, jinya ake yi ne? In kawo tabarma?"

Da ta ji labarin allura, nan take ta yanke hukunci. Mai tumbi da mamacin suka koma bokitin ƙarfe da yashi a waje, suna jiran a sauke musu sauran wuta a kai su wurin masu karɓar tsofaffin batura, don ba a jefa su a shara. Mai lafiyar kuwa ƙanena ya zura shi cikin jakar da ba ta cin wuta, ya rataya a kafaɗa. Ya ce duk ranar da nake son tashin jirgi in sanar da shi tun da daddare, zai duba ko yana da lokaci.