Tsinuwar da muke yi wa Dundar, wa take samu?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa.

Duk sanda wani zango na shirin Usman ya ƙare, wato fim ɗin Turkawa kan Usman ɗan Ertugrul, wanda ya kafa Daular Usmaniyya, ci gaban labarin Ertugrul, wanda suka fara haskawa a 2019, sai gari ya ɗauka. A majalisa, a shagon masu tura fim a waya, har a gidan biki, kowa da hukuncinsa. Wani ya ce an ɓata ƙarshen, wani ya ce wannan zangon ya fi na baya, wani kuwa har yau bai huce da kashe Bamsi, ɗaya daga cikin jaruman shirin, da aka yi a zango na biyu ba. Wannan ra'ayi ne, kowa da nasa. Hukuncin kallon kansa ma na bar wa malamai. Abin da ya dame ni shi ne abin da ke fita daga bakinmu bayan an kashe kallo.

Ku dubi Dundar, baffan Usman. A shirin an nuna shi maci amana, har Usman ya harbe shi da kibiya. Sai ka ji bawan Allah, da carbinsa a hannu, yana cewa "Allah Ya tsine wa Dundar, Allah Ya ƙara masa nauyin ƙasa." Ɗan'uwa, tsaya. Wannan sunan ba marubucin fim ne ya ƙirƙire shi ba. Littattafan tarihin Usmaniyya sun ambaci Dundar a matsayin ɗan'uwan Ertugrul, mutum ne daga gidan Musulmi da ya kwanta dama fiye da shekara 700. Labarin kibiyar ya zo ne a littafin Neshri, wani marubucin tarihin Usmaniyya wanda ya yi rubutu a ƙarshen ƙarni na 15, kusan shekara 200 bayan faruwar abin, kuma masana tarihi sun yi saɓani a kan ingancinsa. Shi kansa Usman ya rasu wajen 1324, kuma abin da aka rubuta a kansa tun yana raye kaɗan ne ƙwarai: akwai marubucin Rumawa Pachymeres da ya ba da labarin yaƙin da Usman ya ci su a 1302, akwai kuma tsabar kuɗi mai ɗauke da sunansa da na mahaifinsa. To ƙulle-ƙullen da ake yi cikin tanti da tsakar dare, da raɗar da Dundar ke yi wa abokan gaba, wa ya ji su? Marubuci ne ya zauna ya tsara, don yana so ka dawo mako mai zuwa.

Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa kada mu zagi matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Hadisin yana cikin Bukhari. Abu Dawud kuma ya kawo hadisin Abud Darda'i: idan bawa ya la'anci wani abu, la'anar tana hawa sama sai a rufe mata ƙofofi, ta sauko ƙasa a rufe mata, ta yi dama ta yi hagu, in ba ta sami mashiga ba ta nufi wanda aka la'anta, in ya cancanta ta same shi, in bai cancanta ba ta komo kan wanda ya furta ta. Yanzu ka lissafa: ɗan wasan aikinsa ya yi aka biya shi, mamacin kuma ba ka da hujja a kansa. Saura wa?

'Yan'uwa mata, ku ma ga naku. Tun da aka shigo da Malhun a matsayin kishiyar Bala, uwargidan Usman, aka rabu gida biyu, 'yan Bala da 'yan Malhun, kowace ta ɗora wa shirin ciwon kishin da ke cinta a gida. Uwargida ta ga kanta a Bala, amarya ta ga kanta a Malhun, sai habaici a status na WhatsApp, sai "munafuka", sai "mai kwacen miji". Alhali sunayen nan na matan Usman ne na gaske, iyayen 'ya'yansa. Da kakarki ce aka yi wa haka, ai ba za ki yi shiru ba.

Akwai kuma wanda ya fi ɓuya, don shi da kyakkyawar niyya ake yinsa. A yanko jawabin wani shehi daga cikin shirin, a rubuta "Ibn Arabi ya ce", ko "Shehu Edebali ya ce", a watsa. Ibn Arabi malami ne na gaske, ya rasu a Dimashƙa a 1240, littattafansa suna nan. Abin da ka ji a fim kuwa marubuci ne ya sa a bakin ɗan wasa da Turkanci, mai fassara ya juyo shi Hausa yadda ya fahimta, wani lokacin ma da ɗan ƙarin gishiri. Ko da maganar ta yi daɗi, jingina ta ga malamin da ba ka tabbatar ya faɗa ba ganganci ne. Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Allah kuma Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa.

In ƙarshen zango bai yi maka ba, faɗi. Ka ce labarin ya yi jan rai, ka ce an cika yaƙin da ba shi da kan gado, ka ce marubutan sun gaza. Ba wanda ya hana ka. In kuma son mutanen nan ne ya kama ka da gaske, nemi tarihinsu na ainihi, ai bai yi mana nisa ba: Mai Idris Alauma na Borno ya aika jakadu Istanbul a shekarun 1570, zamanin Sarki Murad na Uku, jikan jikokin wannan Usman ɗin, kuma an mayar masa da amsa a rubuce.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka riga mu, Ya tsare mana harsunanmu.