Radar ɗinku na ganin gudu, ba ya ganin rami

Jiya da hantsi na ɗauko buhunan aya zan kai Tasawa, ban ma yi nisa da Maradi ba sai ga wani mai kaki ya fito daga bayan bishiyar bedi yana ɗaga mini hannu. Na tsaya, na sauko, na yi sallama. Bai amsa ba. Yaron da wallahi bai kai ɗana na fari ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai tsoho, sauri kake ka mutu?"

Na haɗiye, na ce shef mi ya faru. Ya nuna mini wata na'ura bisa ƙafa uku an ɓoye ta cikin inuwa, wai radar ce mai kyamara, tana auna gudun mota tun daga nesa ta ɗauki hoton lamba. Wai ta kama ni da gudun kilomita 68 a awa a wurin 50. Na ce to ina allon da ya ce 50 ɗin? Ni dai shekara ashirin nake bin hanyar nan, allon wurin ya faɗi tun ruwan 2024 da ya ci gidajen mutane a garin nan, har yau ba wanda ya tada shi. Ya ce shi ba aikinshi ba ne allo. Na ce a nuna mini hoton in gani da idona, motoci uku muka taho a jere, ta yaya aka san tawa ce. Sai ya yi tsaki, ya ce, "Kai ka yi lakwal ne da za ka karanta na'ura?"

Gaban yaron motata ya faɗi haka. Gaban masu tallan gyaɗa.

Ya karɓe parmi da kartagiris da asirans ya jefa aljihu, ya koma benci yana danna waya, ya shanya ni a rana har azahar. Ƙarshe na biya jika biyar, na ce a ba ni rasit, ya ce takardar ta ƙare. Kuɗin da ko ribar lodin ba ta kai ba bayan an cire esansi da kuɗin peyaji.

Kar wani ya ce ina goyon bayan tuƙin ganganci, na sha ɗaukar gawa a hanyar nan da hannuna, na san abin da gudu ke yi. In da gaske ake a kafa allo babba kowa ya gani, a nuna wa mutum hotonshi, a ba shi rasit kuɗin su shiga baitulmali. Amma a ɓoye na'ura bayan icce kamar mai dakon ɓarawo, wannan farautar talaka ce.

Kuma ina so hukuma ta gaya mana, kuɗin sayen kyamara akwai, na cike rami babu? Peyaji muke biya kullum, kwalta ta zaizaye, kwana ba fitila, amalanken shanu na tafe da dare ba ko ƙyalle mai haske, kamiyo an yi mishi lodi har ya karkace ya wuce shinge ana ɗaga mishi hannun gaisuwa. Manya kuwa da baƙin gilashi su shige kamar iska ba mai busa musu usur. Mu ma da namu laifin, direbobi biyar na tarar a wurin, kowa ya miƙa ya yi shiru, ba wanda ya buɗe baki ya ce a ba shi rasit.

Ayar ma sai bayan la'asar na isa da ita, mai kayan ya riga ya saya wurin wani.