Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana, musamman ku da kuke yawo da waya kuna ɗaukar bidiyon "al'adunmu" kuna sakawa a TikTok da Facebook.

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya zo ya nuna mini wani bidiyo da suka ɗauka shi da abokansa. Sun tafi wani ƙauye, sun cire takalmansu, sun sa tsummokara, ɗaya ma har da shafa toka a ƙafa don ta yi furu-furu. Suka zaunar da wata tsohuwa a gaban bukka da ƙwarya a hannu. Na ce, wannan fa? Ya ce, "Kawu, irin wannan shi ne mutanen waje ke so, shi ke kawo masu kallo." Na tambaye shi sunan tsohuwar, bai sani ba. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wata sana'a da ta girme ku, ta girmi kakanninku.

A shekarar 1889 an yi babban baje kolin duniya a birnin Faris na Faransa, wanda dominsa aka gina hasumiyar Eiffel. A gefe guda na filin, wani Bafaranshe ya gina wani lungu ya sa masa suna Titin Alkahira. Gidaje ne irin na tsohuwar Alkahira, da tagogin katako masu sassaƙa, da shaguna, da hasumiyar masallaci. Har jakuna kimanin 50 aka ɗauko daga Masar da masu korarsu, Bature ya biya faran ɗaya, kuɗin Faransa na lokacin, ya hau. Da gangan aka ɓata fentin bangon don ya yi kama da wanda ya sha ƙura da hayaƙi, domin a ganin mai ginin, birnin Larabawa ba ya cika sai da dauɗa.

Wasu malaman Masar su huɗu, a kan hanyarsu ta zuwa wani taron masana a Suwidin, suka biya ta wurin. Suka ga masallaci, suka doshi ƙofa. Da suka leƙa ciki, ba mihirabi, ba sahu, ba tabarma. Gidan shan gahawa ne, 'yan mata na rawa, 'yan kallo na tafi. Fuskar ce kawai ta masallaci. Ku tsaya ku yi tunanin wannan ƙofar da kyau, don duk maganata a kanta take. Abin da mutum yake ɗauka da tsarki, wani ya kwafi fatarsa ya jingina a bakin wurin nishaɗi don ya ja 'yan kallo. Kuma abin ya karɓu ƙwarai, shi ya sa a baje kolin Shikago na Amurka a 1893 aka sake gina wani Titin Alkahirar, kusa da lilon nan mai juyawa na Ferris, tare da ƙauyen Dahome da na Jamus da na Ailan, kowanne da ƙofarsa da mai karɓar kuɗinsa.

Kada ku ce na yi son kai. Turawa sun yi wa kansu ma irin wannan. A Antwaf ta Beljiyam an gina "tsohon gari" a 1894, a Faris an gina "tsohuwar Faris" a bakin kogi a 1900, da katako da farar ƙasa, a gama biki a rushe. A Basalona ta Sifen, a 1929, an kwafo gine-gine 117 daga sassan ƙasar aka haɗa ƙauye guda, wanda ya yi farin jini har aka fasa rushe shi, yana nan har yau. Ba na ganin laifi ga mutum ya gina kwatankwacin gidan kakansa ya shiga ya yi nishaɗi. Tambayar ita ce wa ya gina, wa ke tsaye a ƙofa yana karɓar kuɗi, wa kuma aka ajiye a ciki ana kallo.

Beljiyam ce ta ba da amsar a fili, a baje kolin Burasels na 1958. A fili ɗaya aka yi ƙauyuka biyu. Na farko sun kira shi Beljiyam Mai Annashuwa: tituna da dandali irin na zamanin kakanninsu, da gidajen giya da kiɗa har tsakar dare. Ɗan ƙasa ya sa tufafin da, ya yi wasa, in ya gaji ya tuɓe ya koma gidansa, ba wanda zai ɗauka haka yake rayuwa. Na biyu ƙauyen Kwango ne, ƙasar da Beljiyam ke yi wa mulkin mallaka a lokacin. An kawo mutane, cikinsu har da masu ilimin boko mazauna birni, aka zaunar da su a bayan shinge a gaban bukkoki suna sassaƙa da saƙa. 'Yan kallo suka riƙa jefa musu ayaba da kwabbai ta saman shingen. Kafin a rufe baje kolin mutanen suka ce sun gaji, aka rufe ƙauyen. Shekara biyu kacal bayan nan, a 1960, Kwango ta samu 'yancin kai. Tun kafin wannan ma, a 1897, Sarki Leopold na biyu na Beljiyam ya sa an kawo 'yan Kwango 267 aka baje su a garin Tervuren kusa da Burasels, bakwai suka mutu a can, kaburburansu na nan a gefen cocin garin.

Mu ma abin bai tsallake mu ba. A baje kolin Daular Birtaniya da aka yi a Wembili ta Landan a 1924, sashen Afirka ta Yamma "birni mai ganuwa" ne, an yi shi ja wur irin ganuwar biranenmu na Arewa, aka kai masu sana'ar hannu suna aiki a ciki mutane na kallo. Jaridun Ingila suka samu abin yi, suna rubuta raini da ƙarya a kan mutanen. Waɗanda suka tashi tsaye ba dattawa ba ne, ɗalibai ne sa'anninku da ke karatu a Landan. Sun rubuta ƙorafi ga hukuma da jaridu, kuma ɗaya daga cikinsu, Ladipo Solanke, shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU, a 1925. Matasan wancan lokaci sun ƙi a baje su. Ku kuma na yanzu kuna baje kanku da kakanninku da hannunku, kuna murna an danna muku alamar so.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ko gardin ma ba ku ba ne. Kuɗin talla na kirki yana wurin kamfanin da ya mallaki manhajar, ku tsaba-tsaba ake watso muku ta saman shinge. Tsohuwar nan kuwa ko sisi, sai fuskarta da ke yawo a ƙasashen da ba ta san sunansu ba.

Ban ce ku daina ɗaukar ƙauye ba, ban ce ku ɓoye talauci ba, yana nan, kowa ya sani. Amma ku daina ƙara masa toka. Wanda ya ɓata fentin Titin Alkahira da wanda ya cire takalminsa ya ɓoye a mota kafin a kunna kyamara, aikinsu ɗaya. Idan za ku ɗauki mutum, ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku gaya masa inda hoton zai je, ku ambaci sunansa in ya yarda, in an samu wani abu ku kai masa rabonsa. Masallaci da makabarta da makarantar allo kuwa ba labulen da ake rawa a gabansa ba ne.

Sannan ku shiga cikin ɗakin, kada ku tsaya a fuska. Ganuwar Kano ta gaske tana zaizayewa, ana haƙar ƙasarta ana gine-gine a kanta, alhali kuna neman bangon kwali mai zanen dagi ku tsaya a gabansa. Ku je marinar Ƙofar Mata ku zauna da marini ya nuna muku yadda ake haɗa baba da toka a karofi, da kwana nawa yake yi kafin ya nuna. Ku nemi tsohon magini ku tambaye shi yadda ake buga tubali, yadda ake jera azara, me makuba ke yi wa bango in damina ta zo. Wannan bidiyon zai fi wuya, wataƙila masu kallonsa ba za su kai na tsumma ba.

Shi dai ɗan ƙanwar tawa na sa shi ya sauke nasa. Ranar kasuwar ƙauyen za mu koma tare, da goro da turmin atamfa, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi sunanta.