Ruwan Fukushima da yashin kuzar Jos

Wani labari ya ce an tace gurɓataccen ruwan Fukushima, tashar nukiliyar Japan da ta yi hatsari a 2011, kafin a fara zuba shi a teku a Agustan 2023. Gaskiya ne, amma tacewar ba ta cire tiritiyom, wani sinadari mai fitar da radiyeshon (tururin nukiliya), sirka shi kawai ake yi da ruwan teku. Ni siziyom-137, wani sinadarin mai radiyeshon da ya sauka a gonakin yankin tun hatsarin 2011, ya fi damuna: sai ya shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, ga shi yana maƙale wa laka, dole aka kankare saman ƙasar. Nan Jos ma, jama'a, yashin tsoffin ramukan kuza na ɗauke da toriyom, shi ma mai radiyeshon ne, kuma ana ɗiba ana gini da shi. Don Allah hukumar NNRA, mai sa ido kan harkar nukiliya a Najeriya, ta zo ta auna radiyeshon a ɗakunan.