Ƙasar da jini ke tsayawa a kan kaka

Tsohon da ke zaune a ƙasan benenmu a Manchesta ya rasu, ba mata, ba ɗa, ba wasiyya. Akwai wata dattijuwa da ke zuwa duba shi duk Lahadi, ta gyara masa gado, ta jera masa magunguna a ɗan akwatin roba mai ranakun mako. Kakanta da kakansa uwa ɗaya uba ɗaya ne. Da aka zo maganar gado, sai aka ce ba ta cikin magada.

Haka dokar Ingila ta 1925 ta tsara. In babu mata ko miji, sai 'ya'ya da jikoki, sannan iyaye, sannan 'yan'uwa da zuriyarsu, sannan kakanni, sannan baffa, kawu, gwaggo, inna da 'ya'yansu. Daga nan an rufe ƙofa. Wanda kuka haɗu da shi sama da kaka, bare ne a idon doka. In ba a samu kowa ba, dukiya ta koma wa masarauta. A yankinmu ma, masarautar Lankasta ce ke karɓa, wadda ke hannun Sarki Charles. Har kamfanoni ake da su masu tono asalin mamaci, su nemo magajin da bai taɓa jin sunansa ba, su yanki kasonsu.

Ban ce ba su da hujja ba. Dole doka ta tsaya wani wuri, kuma da tsohon ya rubuta wasiyya da an wuce wurin. Masu gwajin jini ma za su ce abin da ya haɗa su wajen kashi 3 ne cikin 100, alhali 'ya'yan wa da ƙani suna haɗa kusan 12 da rabi. To amma wa ya taɓa auna ɗan'uwa da sikeli? Zumunci a ƙafa yake, ita kuwa ƙafarta ta kai ta.

Mu dai kun san yadda muke, ba sai na faɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarana. Sun san mahaifiyata ta waya, shi ke nan. Ranar da ɗan baffana ya kira, babbar ta miƙo mini wayar ta ce wani mutum ne ke nemana. Wani mutum! Wanda muka tashi ɗaki ɗaya da shi. Bana ko da bashi ne sai na kai su gida, su zauna a gaban tsofaffi a lissafa musu waye ya haifi wa.